Gargaɗi: Hancin da Ya Toshe Ɓari Ɗaya, Kada a Bar Shi Ya Wuce Mako Uku

Jama'a, a saurara, kuma wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba. Duk baligin da ƙofar hancinsa ɗaya ta toshe, ɗayar tana shan iska lafiya lau, har aka yi mako uku abin bai saki ba, to ya daina kiran abin mura. Idan majinar da ke fita ta wannan ƙofar tana zuwa da jirwayen jini, ko haɓo yana yawan zuwa ta gefe guda, ko mutum ya daina jin ƙamshi da wari, maganar ta ƙara nauyi. Haka wanda kunnensa ɗaya ya dode alhali bai taɓa fama da ciwon kunne ba. Haka wanda ƙullutu ya fito masa a gefen wuya, ba zafi ba raɗaɗi, sai ƙara girma. Haka wanda ya fara ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko idonsa ɗaya ya soma turowa waje, ko yana zubar da hawaye shi kaɗai; da wanda kuncinsa ɗaya ya sage har ba ya jin taɓawa; da wanda haƙoransa na sama suka fara girgiɗa ba tare da ruɓa ko bugu ba. Wurin zuwan duk waɗannan ɗaya ne, wato likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kuma a cikin wannan makon.

Mafi yawan masu irin waɗannan alamu, in an duba, za a tarar ba daji ba ne. Wannan gaskiya ce, kuma abin godiya ne ga Allah. Dajin cikin hanci da kogunan fuska bai cika kama mutum 1 cikin 100,000 a shekara ba, shi kuwa wanda ake kira kodoma, mai tsirowa daga ƙashin tsakiyar kai, kusan mutum 1 cikin miliyan yake samu. Sai dai ƙarancin nasa shi ne babban haɗarinsa, domin ba wanda yake kawo shi a rai: ba maras lafiyar ba, ba mai kemis ba, wani lokaci har ma'aikacin ƙaramin asibiti.

Waɗannan cututtuka a gindin ƙoƙon kai ko kusa da shi suke tsirowa. Gindin ƙoƙon kai shi ne ƙashin da ƙwaƙwalwa take zaune a kansa. Daga sama shi ne daɓen ƙwaƙwalwa, daga ƙasa kuma shi ne rufin hanci da idanu da kunnuwa da maƙogwaro, kamar simintin da ya raba hawan sama da na ƙasa a gidan bene, wanda duk wayoyin wuta da bututun ruwa ta cikinsa suke ratsawa. Tagwayen jijiyoyi 12 suna fita daga ƙwaƙwalwa ta ƙananan kafofinsa: ta jin ƙamshi, ta gani, masu juya ido, mai jin taɓi a fuska, mai motsa fuska, ta ji, masu haɗiya da murya, mai motsa harshe. Manyan hanyoyin jinin da ke shayar da ƙwaƙwalwa su ma ta nan suke hawa. A saman hanci akwai inda kaurin ƙashin bai kai milimita 1 ba, haka ma bangon da ya raba kogon hanci da ramin ido.

A ƙarƙashin wannan ƙashi kuma akwai kogunan iska a cikin kunci da goshi da tsakanin idanu. Tsiro yana samun fili a cikinsu ya yi ta girma watanni, ba ciwo ba kumburi a waje. Kafin ya fara zafi, ya riga ya cika kogon ya soma cin bango. Shi ya sa alamun farko suke da rauni, kuma shi ya sa ake cewa a lura da ɓari ɗaya. Mura da ƙurar hunturu ƙofa biyu suke kamawa, ko su riƙa sauya gefe. Tsiro kuwa inda ya zauna nan yake.

Ga yadda watannin suke salwanta. Magidanci ya je kemis ya ce, "Malam, ba ni maganin mura mai ƙarfi." A ba shi ƙwayoyi da na ɗigawa a hanci. Na ɗigawar yana tsuke hanyoyin jini, hanci ya ɗan buɗe na 'yan awoyi, sai ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali irin wannan magani bai kamata a wuce mako guda ana amfani da shi ba. Wani a haɗa masa da deksametason, wanda ke sace kumburin da ya kewaye tsiron, ciwon kai ya lafa, tsiron yana nan yana aikinsa. In ma dajin ƙaluluwa ne, wannan ƙwaya tana iya rage girmansa na ɗan lokaci har gwaji ya kasa gane shi. Wani kuma haƙori ne ya dame shi, aka cire, ramin ya ƙi warkewa, aka cire na kusa da shi. Mai ƙullutun wuya kuwa sau da yawa akan ɗora shi a kan maganin tarin fuka na wata 6 ba tare da an ɗebi komai an gwada ba. Tarin fuka na ƙaluluwa yana nan da yawa a ƙasarmu, ba musu, amma wanda ya yi wata guda ko biyu yana shan maganin ƙullutun yana ƙara girma, a koma a sake bincike, kada a jira watannin su cika.

A gida kuma kowa da nasa fassarar. Inna ta ce sanyi ne. Kawu ya ce basir ne ya hau sama. In baki ya karkace ko ido ya juye, a ce iska ce ta mare shi, ko an yi masa jifa. A shiga shaƙe da hayaƙi, a ce, "Bari a gama na gida tukuna." Ban ce a bar addu'a ba, kuma ba mai hankalin da zai ce haka. A yi addu'a a kan hanyar asibiti, a yi a layin ganin likita, a yi a ƙofar ɗakin tiyata. Abin da nake roƙo shi ne kada a mayar da ita dalilin zama.

Sai babbar maganar da ta fi kowace jawo asarar rai: "Daji ba ya son ƙarfe." Akwai gidajen da da zarar likita ya ambaci ɗiban nama ko tiyata, a daren za a sulale da maras lafiya. Ina ganin ya kamata a tsaya a kan wannan magana da adalci, domin waɗanda suka faɗe ta akwai abin da suka gani da idonsu. Sun ga an kai mutum asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, an taɓa, ya rasu. Sun ga an tsaga ƙullutu, ya zama gyambo mai tohowa ya ƙi rufewa. Na farkon, jinkiri ne ya kashe shi. Na biyun kuwa gaskiya ne ƙarfe ya yi ɓarna, amma ƙarfen da aka sa ba bisa ilimi ba. Daji irin wannan, in an yanke rabinsa an bar rabi, ko an tsaga shi ta fata, an buɗe masa sabuwar hanya, an kuma lalata iyakokin da likitan gaba zai bi ya kewaye shi.

Don haka gargaɗin nan kaifi biyu gare shi. Kada a gudu daga tiyata, kuma kada a miƙa kai ga kowace wuƙa. Wanzamai, ku ji tsoron Allah a kan kumburin fuska da na wuya: ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya. Ma'aikatan ƙananan asibitoci, naman da kuka hango a cikin hanci kada ku sa almakashi ku fizgo shi kafin a yi hoto. Akwai wani tsiro da ke kama yara maza, galibi daga shekara 10 zuwa 20, mai zuwa da toshewar hanci da haɓo mai yawa. Shi ba daji ba ne, amma dunƙulen hanyoyin jini ne, wanda in an tsinke shi a kan kujera yaro zai iya zubar da jini har ya mutu kafin a kai shi ko'ina. A manyan cibiyoyi sai an bi ta jijiyar jini an toshe hanyoyin da ke shayar da shi kwana ɗaya ko biyu kafin a cire shi. Akwai kuma ƙananan yaran da abin da ake gani a hancinsu tantanin ƙwaƙwalwa ne ya zuro ta wata kafa da aka haife su da ita. Fizgo wannan buɗe wa sanƙarau ƙofa ne. Ƙullutun wuyan babba shi ma ba a fara shi da yanka. A fara leƙa bayan hanci da maƙogwaro a nemo uwar ciwon, in za a ɗebi wani abu daga ƙullutun a ɗeba da siririyar allura.

Binciken farko ba abin tsoro ba ne. Mutum yana zaune a kujera, idonsa biyu. A fesa masa maganin kashe zafi a hanci, a jira kaɗan, sai likita ya zura wani siririn bututu mai fitila da kyamara, kaurinsa bai wuce milimita 4 ba, ya bi ta ƙofar hanci har bayanta yana kallo a allo. Hawaye kan zubo, wani ya yi atishawa, cikin 'yan mintoci an gama. Daga nan sai hoto iri biyu, kuma kowanne da aikinsa: siti-sikan yana nuna inda ƙashi ya cinye, em-ar-ai yana nuna ko tsiron ya taɓa tantanin ƙwaƙwalwa ko ramin ido ko ya bi jijiya. Masu jinya kan yi ƙorafi, "Likita, ba mun yi hoto ba?" An yi, amma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Bayan hoto ne ake ɗiban ɗan gutsuren nama a kai ɗakin gwaji. Sakamakon wannan gwaji shi ne alƙali, domin abin da ake kira daji a wannan wuri iri-iri ne, kuma maganinsu ya sha bamban.

Wani ma ba na wuƙa ba ne sam. Dajin bayan hanci, wanda ya fi yawa a kudancin Sin da kudu maso gabashin Asiya da Arewacin Afirka, kuma ana ganinsa a asibitocinmu har ga matasa, maganinsa na asali gashi ne da na'ura tare da maganin daji na ƙarin ruwa, kuma yana jin su ƙwarai. Shi ne mai zuwa da dodewar kunne ɗaya da ƙullutun wuya. Yana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ita ba tare da ta yi musu komai ba. Saboda haka ba a ɗaukar dajin daga maras lafiya. Kada a ware masa kwano, kada a ƙaurace wa ɗakinsa. Dajin da ke kumbura muƙamuƙin yara cikin 'yan makonni, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, shi ma da magani ake narkar da shi, kuma kwanaki kaɗan na jinkiri suna da tasiri a kansa. Duk wanda ya ce zai yi wa ɗanku ko mahaifinku babbar tiyata a fuska ba tare da takardar gwajin nama a hannu ba, ku tambaye shi dalili, in bai gamsar da ku ba ku nemi ra'ayin wani likitan.

Amma ga mafi yawan dajin cikin hanci da kogunan fuska, da na jijiyar jin ƙamshi, da kodoma, da dajin ramin kunne, tiyata ce ginshiƙi. Shekarun baya wannan wuri ya kasance kan iyaka da ba mai tsallakawa: likitan ƙwaƙwalwa ya tsaya daga sama, likitan hanci ya tsaya daga ƙasa, daji ya zauna a tsakani. A 1963 Alfred Ketcham da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana yadda za a haɗu a yi aikin tare, a buɗe ta goshi a ɗaga ƙwaƙwalwa kaɗan, a buɗe ta fuska, a fitar da tsiron da ƙashin da yake manne da shi. A 1997 Hae-Dong Jho da Ricardo Carrau na Pittsburgh suka ba da rahoton aikin da suke yi ta ƙofar hanci kawai da bututu mai kyamara, daga nan hanyar ta yi ta faɗaɗa har ta kai ga cire wasu nau'o'in daji ba tare da an tsaga fuska ba. Babbar matsalarta ita ce ramin da ake bari tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa, wanda ruwan ƙwaƙwalwa ke yoyo ta cikinsa. A 2006 aka wallafa dabarar likitoci biyu 'yan Ajantina, Hadad da Bassagasteguy, ta ɓanɓaro fatar bangon tsakiyar hanci tare da jijiyar jininta a juya ta a liƙe ramin. Da wannan, yoyon ya sauko daga sama da kashi 20 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 5 a cibiyoyin da suka ƙware.

Kada dai wani ya ruɗe ku da cewa ta hanci ita ce ta zamani, buɗewa kuwa tsohon yayi ne. Girman tsiron da inda ya kai su ne suke zaɓar hanya. Abin da ake nema shi ne a fitar da shi duka, har a ɗebi naman gefe-gefe a gwada a ga ba saura. Wani babban nazari da aka fitar a 2003, wanda ya tattara marasa lafiya 1,307 daga cibiyoyi 17 na ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa kashi 54 cikin 100 suna raye bayan shekara 5 da aikin, kusan kashi 33 sun gamu da wata matsala bayan tiyata, kashi 4 kuma sun rasu a sanadinta. Abubuwa uku ne suka fi raba masu tsira da waɗanda ba su tsira ba: irin dajin, da zurfin shigarsa cikin ƙoƙon kai, da kuma ko an bar saura a gefe. Na farko ba ya hannun kowa. Na biyu yana hannun wanda ya zo da wuri. Na uku yana hannun wanda ya yi aikin farko, domin tiyata ta biyu a wurin da ya riga ya yi tabo ba ta taɓa kai ta farko sauƙi ko nasara.

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ba na ɗakin tiyata mai gado biyu a bayan layi ba ne. Yana bukatar likitan hanci da na ƙwaƙwalwa, wani lokaci da na ido da na muƙamuƙi da mai dashen nama, da ƙwararren mai sa barci, da jini a ajiye, da ɗakin kulawa ta musamman. Yakan ci awa 6 zuwa 12. Ku tambaya kafin ku sa hannu, kuma tambaya ba rashin kunya ba ce: "Ranka ya daɗe, wane irin daji ne? Za a iya cire shi duka? Su wa za su shiga aikin? Me zai rasa? Bayan tiyata sai me?" Mu mun saba da cewa, "Likita, a yi abin da ya dace," mu sunkuyar da kai. A nan wurin ba ya wadatarwa. Kuma a gaya wa maras lafiyar gaskiya. Ɓoye wa Baba sunan ciwonsa don kada hankalinsa ya tashi, sannan ya farka ya tarar ba ido ɗaya, zalunci ne ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Domin akwai abin da ake rasawa. Wanda aka cire masa rufin hanci galibi ya rabu da jin ƙamshi, ɗanɗanon abinci ma ya ragu. In daji ya ratsa cikin ramin ido ya kama naman da ke juya shi, ana iya cire idon, kuma nan ne iyalai da yawa suke tashi su tafi. Ku tsaya ku yi tunani: idon da daji ya shiga ba zai tsira ba ko an bar shi, kuma ta bayansa hanya ce miƙaƙƙiya zuwa ƙwaƙwalwa. In an cire ganɗa, ana yin ta roba mai haƙora a toshe gurbin, mutum ya ci ya yi magana. In ramin babba ne, a ɗebo nama daga cinya ko damtse tare da jijiyoyin jininsa a dasa. Dajin kunne kan sa a rasa ji a wannan gefen, wani lokaci fuska ta saki. Waɗannan duka masu nauyi ne, amma mutane suna rayuwa da su, suna komawa kasuwa da gona.

Bayan an sallamo mutum gida, masu jinya su buɗe ido a kan abu guda. In aka ga ruwa garai-garai, ba kauri ba yauƙi, yana ɗiga ta hanci, musamman in ya sunkuya, ko ya ce yana jin gishiri-gishiri yana gangara masa a maƙogwaro, ko kansa yana sara in ya tashi zaune ya lafa in ya kwanta, to ruwan ƙwaƙwalwa ne yake yoyo. A koma asibitin da aka yi aikin a ranar. In zazzaɓi ya shigo, wuya ya sanƙare, haske yana damunsa, ko ya fara sambatu, ko gani ya ragu, ko jini ya ɓalle, ko da tsakar dare ne a tafi. Haka in fitsari ya yawaita ƙwarai da ƙishirwa marar yankewa. A makonnin farko ba fyace majina, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba yunƙuri a bayan gida, atishawa kuma a yi ta baki buɗe. Alwala da salla suna shiga nan kai tsaye: shaƙa ruwa a hanci da fyacewa, da sunkuyar da kai a ruku'u da sujada, duk suna iya ɗaga liƙin da aka yi. A tambayi likita tsawon lokacin da za a kiyaye, a yi salla a zaune da nuni, addini ya ba maras lafiya wannan sauƙin. Kuma in wata larura ta kai shi wani asibiti, a faɗa da babbar murya cewa an yi masa aiki a gindin ƙoƙon kai, kada kowa ya zura masa robar abinci ta hanci a makance, domin tana iya bin ramin ta shige cikin kai.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na wanda aka yi wa aiki lafiya, ya ga rauni ya warke, ya ce ya gama. Mafi yawan masu irin wannan daji suna bukatar gashi bayan tiyata, kuma ana so a fara shi kafin mako 6 su cika. Gashin kansa yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana biyar a kowane mako, kuma tsallake kwanaki yana ba ƙwayoyin da suka rage damar farfaɗowa. Baki zai yi gyambo, yawu ya kafe, haɗiya ta yi wuya. A nan ne ake bukatar kunu da madara da ƙwai da romo, da ɗan'uwa mai haƙuri a gefe. A ga likitan haƙori kafin a fara, domin cire haƙori daga ƙashin da aka gasa yana iya hana shi warkewa. Na'urorin gashi a ƙasashenmu kaɗan ne, layi yana da tsawo, kuma sukan tsaya. Don haka tun kafin ranar tiyata a je a yi rajista a sashen gashi, a san inda za a koma in na'urar wuri ɗaya ta samu matsala, a kuma raba kuɗin da aka tara gida biyu. Wanda ya sayar da gona ya zuba komai a tiyata, ya rasa na gashi da na masauki, ya yi rabin magani ne.

Inda za a dosa: asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya su ne suke da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato mai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, da na Maiduguri, da Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar, cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashi a 2021. Ba kowane ɗayansu ne yake yin kowane irin aiki ba, amma a can ne za a san inda ya kamata a tura ku. Masu halin fita Indiya ko Masar, ku yi hattara da dillalan asibiti masu cin kamasho, waɗanda ke yin alkawarin warkewa tun ba a ga hoto ba. Ku tura hotuna da sakamakon gwaji likita ya duba kafin ku sayi tikiti, ku tafi da gutsuren naman da aka adana a ɗakin gwaji, ku dawo da cikakken rahoton abin da aka yi, kuma ku san likitan da zai ci gaba da duba ku a gida. Su kuwa masu tallan maganin daji a Facebook da TikTok da lasifikar mota, lambar hukuma a jikin kwalba ba shaidar cewa abin yana warkar da daji ba ce.

Akwai masu sana'ar da nake so wannan saƙo ya kai gare su musamman. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura dajin cikin hanci ya yi yawa a tsakanin masu yin kujeru a garin High Wycombe, daga baya aka ga irin haka ga masu yin takalma. A 1995 hukumar binciken daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji, ƙurar fata ma tana cikin wannan jeri. Ciwon yakan ɓulla bayan shekara 20 zuwa 40 da fara shaƙa. Kafintoci, masu injin yankan katako da gurza shi, masu gurza fata da tafin takalmi: ku sa takunkumi mai tace ƙura, ƙyalle ba ya tare ta; ku yi aiki inda iska ke wucewa; ku yayyafa ruwa kafin shara. Iyayen gida, yaran shago amana ce a hannunku. Taba sigari kuma tana ƙara haɗarin, tana hana rauni warkewa bayan tiyata. Tsohon kafinta da hancinsa ya toshe gefe guda, shi kada ma ya jira mako ukun.

Wani lokaci likitoci za su duba su ce aikin ba zai yiwu ba, saboda dajin ya naɗe babbar hanyar jini, ko ya shiga ƙwaƙwalwa da nisa, ko ya bazu zuwa huhu ko ƙashi. In ƙungiyar likitoci biyu daban-daban suka faɗi haka, kada a bi wanda zai karɓi kuɗi ya buɗe ya rufe. Wannan kuma ba ya nufin a koma gida a zuba ido. Gajeren gashi yana tsayar da jini ya rage zafi. Akwai maganin mofin na sha da likita ke rubutawa, kuma ba laifi ba ne mai ciwon daji ya sha shi a kan ƙa'ida. A tambayi sashen kula da masu ciwo mai tsanani. Akwai magungunan da ke kashe warin gyambo, maras lafiya ya samu ya zauna cikin iyalinsa.

Wanda kuma Allah ya ba nasara aka gama magani, zai riƙa komawa a leƙa hancin kowane wata 2 ko 3 a shekaru biyun farko, sannan a riƙa tsawaitawa. Dajin jijiyar jin ƙamshi da wani nau'in da ke bin jijiyoyi suna iya dawowa bayan shekara 10, don haka ba a rufe fayil. A samu jaka guda a adana faifan hotuna, da takardar gwajin nama, da rahoton tiyata, da katin gashi, a ɗauki hoton kowace takarda a waya, kuma a samu mutum biyu a gidan da suka san inda jakar take.